Malaman Turanci a taimaka: a ina ake danna murya a well-known da second-hand?

Maman_Hanifa

Salam jama'a, barkanmu da sanyin Jos. Dan Allah masu ilimin Turanci a taimaka min da wani abu. Ina yi wa yara 'yan SS3 lesin da yamma a nan Angwan Rogo, masu shirin WAEC da JAMB, to yanzu mun iso wajen oral ɗin nan, inda ake tambayar wace gaɓa ce ake danna wa murya a kalma, wadda suke rubutawa da manyan baƙaƙe. In kalma ɗaya ce tilo kamar education ko photography ba ni da matsala, akwai 'yan dabarun duba ƙarshen kalma da muke bi kuma suna yi mana aiki. Inda nake kakarewa shi ne sifofin nan da ake haɗa kalma biyu a sa karan ɗori a tsakani, irin su well-known, old-fashioned, second-hand, hard-working, middle-aged.

Wata takardar darasi da na karɓa a hannun wata ticha ta ce duk kalmar da aka haɗa daga biyu to ta farko ake dannawa, magana ta ƙare. Wani littafin tsofaffin tambayoyi kuma ya rubuta well-KNOWN, wato ta biyu. Sai kuma wata yarinya a cikinsu mai shegen sauraron labaran Turanci a waya ta ce ita wallahi WELL-known take ji masu karanta labarai suna faɗi, kuma yarinyar kunnenta na da kyau ba ta cika yin kuskure ba. To wa zan bi a cikin ukun nan?

Na biyu kuma ƙirga gaɓa. Middle-aged gaɓa uku ce ko huɗu? Well-dressed fa? Kuma a ina ake yanka kalmar gaɓa-gaɓa? Yaran sun rabu gida biyu har da tafa hannu ana ƙirgawa kowa na samun abin da yake so. Na gode, Allah ya saka.

Ɗan_Gangare

Anti ai wannan mai sauƙi ce. Mu yadda aka koya mana a sakandare, in kalma biyu suka haɗu ta farko ce oga. BLACKboard, CLASSroom, TOOTHbrush, FOOTball. Ki bi takardar tichar nan kawai kar ki wahalar da kanki, masu buga littattafan fas kwesti ɗin nan rabinsu kwafe suke yi ba sa ma dubawa.

Malam_Tsohon_Alli

Wa alaikumus salam Malama. Ɗan Gangare a yi haƙuri, dokar da ka kawo gaskiya ce amma ba ta wannan gidan ba ce. Duba misalanka da kyau, duk huɗun sunayen abubuwa ne, allo, aji, buroshi, ƙwallo. Malama kuwa sifa take tambaya, kalmar da ke bayyana yadda abu yake. Mai takardar nan ya ɗauki hukuncin suna ya ɗora wa sifa, nan ne aka samu tangarɗa.

A suna kam haka ne, galibi ta farko ke ɗaukar nauyi, da shi ma ake bambanta GREENhouse, rumfar leda ko gilashin da ake noman tumatir da tattasai a ciki, da green HOUSE wato gidan da aka shafa wa koren fenti. Amma a sifa abin da za ki fara dubawa shi ne wace irin kalma ce a gaba. In ta farkon ita kanta sifa ce, ko bayanau irin well da hard, ko lamba, to nauyin na tafiya kan ta biyu: well-KNOWN, old-FASHioned, bad-TEMpered, good-LOOKing, hard-WORKing, short-SIGHTed, left-HANDed, middle-AGED, first-CLASS, second-HAND. Waɗannan su ne suka fi yawa, shi ya sa in aka matsa min in ba yaro amsa ɗaya tak sai in ce masa a sifa ka fara zargin ta biyu. Littafin nan naki bai yi ƙarya ba.

In kuma ta farkon suna ce, sau da yawa ita ke riƙe nauyin: HOMEsick, WAterproof, BULletproof, HEARTbroken, COLour-blind, TIME-consuming. Na ce sau da yawa fa, ban ce kullum ba, don Turanci ba ya barin mutum ya huta. Akwai ice-COLD, sky-BLUE, stone-DEAF, inda sunan farko kwatance ne kawai, sanyi kamar ƙanƙara, shuɗi kamar sararin sama, to su ta biyu ake dannawa. Akwai kuma brand-NEW, home-MADE, hand-MADE, duty-FREE, world-FAmous, da waɗanda ke farawa da self kamar self-emPLOYED. Waɗannan ni dai ba na ɓata lokaci wajen nemo musu dalili a aji, hadda nake sa yara su yi.

Yanzu ga maganar yarinyar nan, kuma ki gaishe min da ita don ta ji daidai. Ita ma ba ta yi ƙarya ba. Abin da ke faruwa, nauyin sifofin nan na rukunin farko ba ya zama wuri ɗaya, yana gusawa in suna ya biyo bayansu kai tsaye. In kika ce the man is well-KNOWN, sifar ce a ƙarshe babu kowa a bayanta, nauyi na kan known. Amma in kika ce a WELL-known DOCtor, ga doc nan da nata nauyin ta zo ta manne da known, Bature kuwa ba ya son nauyi biyu su yi karo, sai ya janye na farkon ya mai da shi baya kan well. Kamar ɗan garuwa ne, ba ya rataya garwa biyu a gefe ɗaya na sanda, sai ya raba ɗaya nan ɗaya can sannan tafiya ta yi daɗi. Masu karanta labarai kuma kusan kullum da suna a baya suke faɗinta, well-known lawyer, well-known singer, shi ya sa kunnen yarinyar ya saba da WELL.

Ki gwada musu da abin da suka sani. Kowa a cikinsu ya san gwanjon Katako. This shirt is second-HAND, amma a SECond-hand SHIRT. The ticket is first-CLASS, amma a FIRST-class TICKet. She is middle-AGED, amma a MIDdle-aged WOMan. Kuma ba sifa mai karan ɗori kaɗai ke yin haka ba, lambobi ma suna yi, thirTEEN in ita kaɗai ce amma THIRteen BOYS, haka afterNOON da AFternoon PRAYer. Su kuwa irin su HOMEsick da WAterproof ba ruwansu da wannan, da ma nauyinsu na gaba, ba inda za su gusa.

To na jarrabawa fa? In aka ba yaro kalmar ita kaɗai ba jimla, yadda ƙamus ya rubuta ta ake so, wato well-KNOWN. Ki koya musu karanta alamar ƙamus, wannan ya fi kowace doka da zan rubuta a nan amfani. A ƙamus ɗin Oxford na masu koyo akwai ɗan gajeren layi a tsaye da ake sawa a SAMA kafin gaɓar da ta fi nauyi, da wani a ƘASA kafin mai bi mata. Kafin gaɓar fa, ba bayanta ba, nan yara ke yawan faɗuwa. Za ki ga well-known na da na ƙasa kafin well, na sama kafin known. Na Longman ma har ɗan kan kibiya mai kallon hagu yake sawa a bayan kalma don ya nuna nauyinta na iya gusawa. In ba littafin a hannu, shafukansu na intanet kyauta ne kuma akwai ɗan lasifika da za a taɓa a ji furucin, data kaɗan yake ci.

Wani abu guda da nake yawan faɗa wa yara, danna murya ba ihu ba ne. Na sha ganin yaro ya zage yana ƙwala gaɓar kamar mai kiran sallah ba lasifika. Gaɓa mai nauyi ɗan ja ake yi mata, murya ta ɗan motsa sama, sannan babban aikin shi ne a rage wa sauran ƙarfi. A old-fashioned, ƙarshen nan ioned kusan haɗiye shi ake yi, ba a cika baki a ce shon. In ba a kashe na gefe ba, ko an daki ta tsakiya ba za ta fito ba.

Maman_Hanifa

Kai Malam Allah ya ƙara ilimi, ya jiƙan mahaifa. Ashe su ukun kowa da inda ya kama. Misalin Katako ɗin nan shi zan fara da shi don akwai yaro a ajin da babansa ke da rumfa a can. Saura ƙirga gaɓar, don a nan ne rigimar ta fi zafi, wani yaro ya rantse well-dressed huɗu ce.

Yar_Rikkos

Anti bari in ɗan sa baki kafin Malam ya dawo, mun taɓa wannan a darasin ilimin furuci a jami'a. Yaron da ya ce huɗu ba taurin kai ba ne, Hausarsa ce ke ƙirga masa. Mu a Hausa gaɓa iri uku ce kawai, baƙi da wasali kamar ta, baƙi da dogon wasali ko tagwai kamar kai, sai baƙi wasali baƙi kamar kan. Ba ma fara gaɓa da baƙi biyu a jere, shi ya sa duk kalmar da muka aro sai mun cusa mata wasali, bread ta zama burodi, brake ta zama burki, glass gilashi, driver direba, screwdriver kuwa har sukudireba. To in yaro ya zo kan dressed bakinsa da kansa zai ba shi di-re-sed, ya haɗa da well ya samu huɗu. A Turanci kuwa dressed gaɓa ɗaya ce tal, drest ake cewa, don haka well-dressed biyu ce.

Dabarar ita ce a daina ƙirga wasulan da ido ke gani a takarda, a ƙirga waɗanda kunne ke ji. Babban mai yaudarar kuwa ed ɗin ƙarshe ne. Ba ya zama gaɓa mai zaman kanta sai in kalmar da aka liƙa masa ta ƙare da sautin t ko d. Shi ya sa short-sighted uku, left-handed uku, kind-hearted uku, absent-minded huɗu, open-minded huɗu, duk ana jin id a ƙarshensu. Amma old-fashioned uku ce ba huɗu ba, old-fash-ioned, bad-tempered uku, well-behaved uku, hard-earned biyu, tight-lipped biyu. Middle-aged ɗin da kika tambaya uku ce, mid-dle-aged. Middle kanta biyu ce duk da ba a jin wani wasalin kirki a dle, sautin l ɗin ne ke ɗauke da gaɓar.

Sai dai ki yi hattara da aged in ta tsaya ita kaɗai da ma'anar tsoho tukuf, my aged father, a nan gaɓa biyu ce ei-jid. Tana cikin 'yan tsirarun sifofin da suka riƙe tsohon furuci, su wicked, naked, learned da lauyoyi ke cewa my learned friend. A cikin middle-aged kuwa ɗaya ce. Ina jin wannan ne ya sa wasu yaranki suka samu huɗu a can.

Tafin hannu ba laifi amma yana biye wa bakin mai tafawa, in ya cusa wasali zai tafa masa. Ni abin da ya fi min, su rufe baki su yi gunjin kalmar ta hanci bayan sun saurare ta a waya, mm-MM-mm, a nan take ake jin adadin gaɓoɓin da kuma wadda ta fi nauyi.

Batun ina ake yanka kalmar kuma, abu biyu ne kar a haɗa su. In rubutu ne layi ya ƙare, ki yanka a kan karan ɗorin da ke nan da ma, hard a sama working a ƙasa, kar a ƙara wani karan a tsakiyar working. In furuci ne, su kansu masanan ba su daidaita ba a kan baƙin da ke tsakiya, wasu su ba gaɓar gaba wasu su ba ta baya, look-ing ko loo-king, amma adadin dai bai canzawa. Abin da na riƙe kawai shi ne gajeren wasali mai nauyi ba a barinsa a buɗe, fash-ioned ake yi ba fa-shioned ba.

Ƙari a kan na Malam, mu ma fa muna da irin wannan wasan a harshenmu sai dai da karin sauti muke yi ba da nauyi ba. Ki faɗi ta dafa duka, sannan ki faɗi dafa-duka ta ci, ki saurari dafa ɗin. A ta farko murya na farawa sama ta sauko, a sunan abincin kuwa gaɓoɓin dafa biyun a ƙasa suke. Haka hana sallah da hular hana-sallah. Yara in suka ji cewa bakinsu ya riga ya iya canza murya don kalma ta haɗu, tsoron abin na raguwa. Kuma ki lura da mota, soja, lauya, tebur, duk murya sama a farko sannan ta sauka, daidai inda Bature ke danna MOtor, SOLdier, LAWyer, TAble. Kakanninmu da suka aro su sun ji nauyin sarai.

Abba_Wuse2

Ni fa ku yi min uzuri, ina karantawa ina dariya. Ina aiki a ofis a nan Abuja, kullum cikin mitin da Turanci muke, da Yarbawa da Ibo da mutanenmu har da Turawan ƙungiyoyin agaji wani lokacin, ban taɓa ganin an tsayar da wani an ce ka danna known ba ka danna well ba. Duk ƙasar nan maDAM muke cewa, peTROL, saLAD, kuma ana ba mu fetur ɗin a gidan mai ba a taɓa ba mu kananzir ba. Turancin Najeriya ya riga ya zama nasa daban. Yaran nan da ko wasiƙa mai kyau wasu ba sa iya rubutawa, a zauna ana koya musu gusar da nauyi? Anti ki ba su abin da zai fito a jarrabawa su wuce wurin kawai.

Malam_Tsohon_Alli

Yar Rikkos kin gama magana, ban da abin ƙarawa, na ma ƙaru da dafa-duka ɗin nan.

Abba, rabin maganarka na yarda da ita. Ba ni cikin masu ganin sai yaro ya koma kamar ɗan Landan sannan ya iya Turanci, kuma wanda ya ce peTROL bai yi zunubi ba. Ni abin da ma ya fi ba ni haushi tsarin jarrabawar ne. Takarda ta uku ta Turancin WAEC tambaya 60 ce cikin minti 45, sunanta gwajin baka amma a Najeriya zaɓen amsa kawai ake yi, ba mai buɗe baki ba mai kunna kaset, alhali a Ghana da Gambiya da Saliyo saurare suke yi su amsa. Sai ka ga yaro ya cinye makin nauyin kalma tas ta hanyar hadda amma in ya yi magana ba ko ɗaya a bakinsa.

Amma tunda haka tsarin yake, lissafi za a yi. A cikin 60 ɗin nan 10 na nauyin kalma ne, 5 na nauyin jaddadawa a jimla, kwata ke nan na takardar, kuma Turanci ne darasin da in ba kiredit ba shiga jami'a. JAMB ma na kawo nasu a cikin tambayoyi 60 na Turanci. Gaskiya ne galibi doguwar kalma ɗaya suke kawowa ba mai karan ɗori ba, don haka Malama kar ki cinye sati guda a kan wannan, darasi ɗaya ko biyu ya isa. Sai dai na jaddadawar nan yana shafar su kai tsaye, don shi yana rusa duk dokokin da na lissafa a sama. I said LEFT-handed, not RIGHT-handed. A nan left aka danna ba don suna ya biyo ba, don ana gyara wa wani kuskure ne. Yaron da ya gane wannan ya gane yadda ake amsa biyar ɗin nan.

Sannan ba ko'ina ne ake wucewa lafiya ba Abba. Thirteen da thirty a waya sun sha haɗa ciniki faɗa, don in nauyin ya gusa gaba kamar a thirteen thousand abin da ya rage ya bambanta su shi ne tsawon teen da n ɗin ƙarshe, mu kuma mukan gajarce shi. Kai da ke ofis ka san sau nawa ake cewa one three ko three zero. Kuma yaranmu masu jinya da ke zuwa nan Abuja rubuta IELTS, jarrabawar Turancin nan ta masu son fita waje aiki ko karatu, akwai ɓangaren magana da mutum ke zaune gabanka yana saurare, furuci na cikin abubuwa huɗu da ake ba maki a kai.

Ɗan_Gangare

To Malam na ji, amma grown-up fa? Wallahi na sha ji a fim ana cewa GROWN-ups, ta farko ake dannawa, kuma ga karan ɗorin nan a tsakiya ba suna a bayanta.

Malam_Tsohon_Alli

Wannan taka ce Ɗan Gangare, ka ci. Grown-ups da s a ƙarshe suna ne, manya ke nan, don haka dokarka ta hau, GROWN-ups. In sifa ce kuma, her children are grown-UP, sai ta koma ta biyu, irin su worn-OUT da run-DOWN. Malama ki sa musu ita a allo su yi jimla biyu da ita, ɗaya suna ɗaya sifa, kowa ya tashi ya karanta nasa da baki.